Fiyano a Barandar Mis Odessa

Ranar Lahadin da abin ya faru, kusan duk mutanen garinmu Ellery muna majami'a. Da aka tashi na rako maƙwabciyata Mis Odessa Mabry, tana dogara sanda, jikanta Cornell yana biye da mu riƙe da jakarta, yana sunkuyar da kai don kada rassan bakin hanya su tsone masa ido. Muna shan kwana sai tsohuwar ta tsaya cak.

Ga fiyano nan tsaye a kan barandarta, baƙi wuluk, sai sheƙi yake yi. An ɗaura masa ƙyalle shuɗi da ruwan ɗorawa, launin Jami'ar Ashgrove.

"Ya Ubangiji," in ji ta. "Cornell, wannan fa?"

"Na rantse, Kaka, ban san komai ba."

A lokacin babu yaron da ya kai Cornell iya ƙwallon kwando a duk yankinmu na masu noman taba. Jami'o'i sun yi ta zarya a gidan nan har ciyawar ƙofar ta mutu, kuma bai daɗe da sa hannu ba cewa Ashgrove zai tafi, ya yi musu wasa su ba shi karatu kyauta. Dokar kuwa ko yaran firamare sun san ta: jami'a ba ta ba ɗan wasa ko danginsa komai don ta jawo shi, ko da kwalbar lemo ce. Kowa kuma ya san ambaliyar bara ta lalata fiyanon Mis Odessa, abin da ta fi so a duniya in ka cire jikan nan nata.

Ko hulunan majami'a ba mu cire ba sai ga ɗan jarida daga birni da abin ɗaukar hoto. Wai wani ne ya buga masa waya, bai faɗi sunansa ba. Washegari hoton ya fito a shafin farko.

Gari ya ɗauka. A shagon aski aka ce ai dama, wa zai ƙi manyan jami'o'i ya zaɓi Ashgrove in ba a shafa masa mai a baki ba? A gidan abinci aka ce Virgil Stroud ne, mai shagon kujeru da gadaje, wanda har karensa yake sa wa rigar Ashgrove. Wasu suka ce Roscoe ne, kawun yaron, ya sayar da ɗan 'yar'uwarsa. Mis Odessa ta daina fitowa. Cornell kuwa, da ya saba tsayawa ya gaida kowa, sai ya koma bin bayan gidaje.

* * *

Ranar Laraba hukumar wasannin jami'o'i ta aiko mai bincike. Mun zaci za mu ga mai kwat da jakar takardu, sai ga wani gajeren dattijo da malafa da takalmin shiga daji. Sunansa Elwood Tarver. Kafin wannan aiki, shekaru ya yi yana jami'in gandun daji, yana bin sawun masu harbin barewa ba da izini ba.

Ya cire malafa ya gaida Mis Odessa, ya gaishe ni, ya ce a ba shi izini ya zaga gidan. Ƙofar gida 'yan kallo sun riga sun tattake ta, bai ma kula ta ba. Gefen baranda ya nufa, inda katakon shingen ya daɗe da karyewa. An yi ruwa ranar Asabar, jar ƙasar wurin ta riƙe komai ta bushe da shi. Ya tsuguna ya daɗe, har na ce wa Mis Odessa ko dai barci ya ɗauke shi.

Da ya miƙe ya ce, "Motar ɗaukar kaya ce. Da baya ta shigo, sau ɗaya, ba ta yi gyara ba. Mai ita ya san bayan motarsa daidai yake da tsayin barandar nan, ya kuma san nan ne babu shinge."

"Mutum nawa ne?" na tambaye shi.

"Ɗaya. Babbar ƙafa, takalmin roba."

"A garin nan ai ko mata babbar ƙafa gare su," in ji Mis Odessa.

Ya yi murmushi ya hau baranda. Daga bakin gefen zuwa inda fiyanon yake tsaye akwai wani zane a jikin katako. Ya bi shi da yatsa: layi, sai tsalle, sai layi, sai tsalle. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashin fiyanon, ya ce ɗaya daga cikin ƙananan tayoyinsa ta fashe, ba ta juyawa daidai, shi ya sa take kartar ƙasa tana ɗagawa. Daga nan ya kai hancinsa jikin baƙin fentin ya shaƙa, ya ɗan ɓata fuska.

Ya zaunar da Cornell a kan matakala.

"Ɗana, mutanen Ashgrove sun taɓa ba ka wani abu?"

"Hula guda, yallaɓai. Koci Gaither ya ce in mayar, na mayar."

"Shi ne mai horar da ku a sakandare?"

"Shi ne. Tun ina ƙarami shi ya ɗauko ni. Ranar da aka binne mahaifiyata shi ya riƙe mini hannu."

"Ya so ka tafi Ashgrove?"

Cornell ya sosa ƙeya. "Ya fi son Jami'ar Calloway. Ya ce sun fi girma, ana nuna su a talabijin. Ni kuma Ashgrove ta fi kusa, zan iya zuwa in ga Kaka. Da na faɗa masa, sai daga baya ya ce Allah ya sa albarka." Ya ɗago kai. "Yallaɓai, me za a yi mini?"

"In ta tabbata Ashgrove ce, za a soke sa hannunka, a hukunta su. Kai kuma wataƙila a dakatar da kai shekara guda, wataƙila fiye. Wasu jami'o'in ba sa ƙara waiwayar yaron da sunansa ya ɓaci."

Yaron ya zuba wa manyan hannayensa ido. Mis Odessa ta tashi ta shige ɗaki.

* * *

Kawu Roscoe ba shi da wuyar samu. Kullum yana shagon aski, ba ya aski, ba ya biya, sai labari.

"An ce kai ka ce duk jami'ar da ke son yaron sai ta biyo ta hannunka," in ji Tarver.

"Na faɗa! Kuma zan sake faɗa!" Roscoe ya buga ƙirji. "Ni na fara ɗora masa ƙwallo a hannu."

"Ƙarya kake yi, Roscoe," in ji mai aski. "Kai da ko lemo aka jefo maka sai ya faɗi."

Aka kwashe da dariya. Tarver ya jira ta lafa.

"To me Ashgrove ta ba ka?"

Roscoe ya sassauta murya. "Tsakani da Allah? Gaisuwa. Ita ma sau ɗaya. Haba dattijo, dube ni da kyau. In da ni na yi cinikin nan, fiyano zan ce a kawo? Ni da ko tafi ban iya ba? Ai da yanzu ka gan ni cikin jar mota ina ɗaga wa waɗannan matsiyatan hannu."

"Ina kake ranar Lahadi da safe?"

"Yana nan a kan bencin can yana minshari," in ji mai aski. "Tun Asabar da ya sha ya bugu ƙafafunsa suka ƙi kai shi gida."

Tarver ya dubi ƙafar Roscoe, 'yar ƙarama cikin takalmi mai tsini, ya mayar da malafarsa ya fita.

* * *

Virgil Stroud shi ne kowa ya fi zargi, kuma da dalili. Yana da motar ɗaukar kaya, yana da babbar ƙafa, yana sayar da fiyano, ga shi bangon shagonsa cike da hotunan 'yan wasan Ashgrove. Bai jira tambaya ba.

"Na san abin da ya kawo ka. Ina son Ashgrove kamar raina, ban ɓoye ba. Amma ni mahaukaci ne in ɗaura ƙyallensu a jikin abin, in kira jarida? Ai wannan ba kyauta ba ce, tarko ne."

"Ni ma haka na fara tunani," in ji Tarver. "Amma na sha ganin masu kuɗi da son a san su ya fi hankalinsu yawa."

Stroud ya yi ja har kunne. "Zo mu je in ga fiyanon."

Suka zo tare. Stroud ya zagaya shi, ya ɗaga murfin, ya karce gefe da farce.

"Wannan tsohon kaya ne, ya girme ni. Fenti aka shafa masa. Kuma duk wanda ya yi aikin nan ya kamata a yi masa bulala, don wannan ba man goge kujera ba ne. Ji warinsa. Man daɓen katako ne, irin mai kaurin nan." Ya goge hannu da hankici. "In ni zan yi wa Mis Odessa kyauta, ba zan kawo mata gawa cikin sabon likkafani ba."

Tarver ya duba tayoyin motar Stroud duk da haka. Faɗinsu bai yi daidai da sawun ba. Suna tsaye a bakin motar Stroud ya ci gaba da mita, yana cewa garin nan kowa ya zama ɗan sanda, ba a bar mutum ya yi kasuwancinsa ba, ga kwalayen da ya ba Lorraine matar Koci Gaither ma har yau ba a dawo masa da su ba.

"Kwalaye na me?" in ji Tarver.

"Na haɗa kayan ƙaura. Da bazara matar ta zo tana rawar kai, wai za su koma birni, mijinta zai samu babban aiki. Daga baya kuma shiru. Ka san mata da zumuɗi."

"Wane birni?"

"Oho. Ta dai tambaye ni ko ana sanyi sosai a wajen Calloway."

* * *

Koci Wendell Gaither ya fi shekara ashirin yana horar da yaran sakandarenmu. Dogo ne, mai sanyin magana, bai taɓa zagin yaro a gaban mutane ba. Tarver ya same shi ranar Alhamis a zauren wasa, makaranta tana hutu, shi kaɗai yana gyara ragar kwando.

Tun daga bakin ƙofa Tarver ya ja numfashi. Daɓen katakon sai ƙyalli yake yi.

"Kun yi sabon shafe, Koci."

"Kowane hutu nake yi, da hannuna. Makaranta ba ta da kuɗin ɗauko ma'aikata." Ya sauko daga tsani ya miƙa hannu. "Yallaɓai, yaron nan ba shi da laifi. Ko me Ashgrove ta yi, Cornell bai roƙa ba. Ka rubuta haka."

"Kana ganin su ne?"

"Ƙyallen wa aka gani?"

"Haka ne. Ranar Lahadi kana majami'a?"

"Ni da majami'a sai Kirsimeti. Kamun kifi na tafi."

"An samu?"

"Ko ɗaya."

Tarver ya ce ƙishirwa yake ji. Koci ya nuna masa famfo a bayan dandamalin da ake taron yaye ɗalibai. Dattijon ya tafi a hankali, hannuwa a baya, ido a ƙasa. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya yi godiya, ya ce gobe da yamma yana son Koci ya zo gidan Mis Odessa, don yaron zai buƙaci wani nasa a kusa.

* * *

Ranar Juma'a da la'asar muka hallara a baranda. Na kawo shayi mai ƙanƙara da gurasar masara. Mis Odessa tana kujerarta mai lilo, Cornell a tsaye bayanta. Roscoe ya sa taye. Stroud ya ƙi zama. Koci Gaither ya jingina da ginshiƙi.

Tarver ya sha shayinsa rabi ya ajiye.

"Ba zan ɓata muku lokaci ba. Mista Roscoe bakinsa ya fi ƙarfinsa, ba shi ba ne."

"Na gode," in ji Roscoe, sannan ya ɓata rai. "Me kake nufi?"

"Mista Stroud kuma da shi ne, da sabo zai kawo, ya liƙa sunan shagonsa a jiki. Ashgrove ma ba su ba ne. Mai ba da cin hanci ba ya kiran mai hoto. Wanda ya yi wannan so yake a soke sa hannun Cornell, yaron ya koma ba shi da jami'a, wata ta zo ta ɗauka." Ya juya. "Cornell, ɗan tura mini fiyanon nan."

Cornell ya sa kafaɗa ya tura. Tayar ta yi ƙara, ta bar sabon zane a kan katako: layi, tsalle, layi, tsalle.

"Dabba mai ɗingishi ba ta ɓoye hanyarta," in ji Tarver. "Jiya na ga sawun nan a wani wuri. Ya fito daga ɗakin ajiya na bayan dandamalin makaranta, inda ƙura ta bar shatar wani abu mai faɗi da ya daɗe a jingine da bango. Ya bi ta lungu har ƙofar baya, wurin da ake sauke kaya daga mota. Makaranta tana hutu. Mutum ɗaya ne yake da mabuɗi."

Babu wanda ya dubi Koci Gaither. Kowa ƙasa ya duba, ban da Cornell.

"Ba gaskiya ba ne," in ji yaron. "Koci, faɗa masa. Wani ne ya saci mabuɗin. Faɗa masa mana!"

"Bari, Cornell," in ji Mis Odessa a hankali. "Fiyanon makaranta ne, tsohon da aka ajiye. Shekara nawa ina kaɗa shi a bikin yaye ɗalibai? Tun ranar Lahadi da na ɗora yatsuna a kai na gane shi."

Tarver ya dube ta. "Amma ba ki faɗa mini ba."

"Ban faɗa ba. Ina jira ne mai abin ya zo da ƙafarsa." Ta juya wajen ginshiƙi. "Wendell, kwana biyar ina zaune a nan ina sauraron motarka. Kai da ka ci abinci a teburina ya fi a ƙirga."

Koci Gaither ya zame a hankali ya zauna a kan matakala, ya juya mana baya. Da ya yi magana, da ƙyar muke jin sa.

"Mutanen Calloway sun ce in na kawo musu shi, za su ba ni mataimakin koci. Na tsufa a zauren nan, Mis Odessa. Yaran da na koya wa riƙe ƙwallo sun wuce ni, ina kallonsu a talabijin. Na riga na faɗa wa Lorraine. Sai yaron ya ce Ashgrove." Ya shafa fuska. "Sun ce mini in aka soke takardar, Ashgrove ce za ta sha hukunci, babu abin da zai taɓa shi."

"Sun yi maka ƙarya," in ji Tarver, "kuma ina jin ka sani."

Koci bai musa ba.

Roscoe ya miƙe yana naɗe hannun riga, Stroud ya riƙe shi da hannu ɗaya ya zaunar. Cornell bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya sauko ya tsaya a gaban mutumin, ya daɗe yana kallonsa.

"Da ka tambaye ni, Koci," ya ce. "Da ka ce mini aikinka ne a kai, da na bi ka Calloway."

A nan ne Wendell Gaither ya rufe fuska da hannuwansa, kafaɗunsa suna rawa. Tarver ya ɗauki malafarsa ya koma can gefen gida, ya ba mu baya, kamar mai duban gonar taba.

* * *

Hukuma ta wanke Cornell da Ashgrove. Calloway ta sha hukunci mai nauyi, aka kori wanda ya yi wa Koci alkawarin. Shi kuwa bai jira an sallame shi ba, ya ajiye aiki, suka koma wani gari can kusa da teku, inda muka ji yana aiki a wurin sayar da katako. Mutanen shagon aski da suka ce an shafa wa yaron mai a baki, su ne suka fi kowa cewa dama sun san ba zai aikata ba.

Da sanyi ya shigo Cornell ya buga wa Ashgrove wasansa na farko. Muka cika ɗakin Mis Odessa muna sauraro a rediyo, Roscoe yana tsalle yana ba da umarni kamar suna jin sa. Saura ƙiris a tashi ana kunnen doki, Cornell ya juya ya jefa ƙwallo da hannun hagu, ta shiga. Ɗakin ya kaure, har Stroud ya rungume Roscoe bai sani ba.

Bayan an tashi mai rediyo ya jawo Cornell gefe. Ya ce, "Saurayi, ba a cika ganin sabon ɗan wasa da hannun hagu irin wannan ba. Wa ya koya maka?"

Sai muka ji muryar Cornell, a hankali, yana haki.

"Koci Wendell Gaither, na sakandaren Ellery. Shi ya koya mini duk abin da na iya."

Roscoe ya buɗe baki, Mis Odessa ta ɗaga masa yatsa, ya rufe. Ta miƙa hannu ta rage muryar rediyon, ta gyara zama.

"Allah ya sa yana saurare," in ji ta.